Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Ranar da Hayatu ya fara ganin Safara'u, a tsaye yake a ƙofar gidansu a Gummi, rana tana gasa shi, jaka a kafaɗa, 'yar rikoda a hannu, yana ta kwaɗa sallama kamar mai tallar magani.

Ɗan Anka ne, yana digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bincikensa a kan iyaye mata ne da suka rasa 'ya'ya a gubar dalma ta shekarar 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. An ce masa akwai wata a gidan nan, Inna Dija, da suka taso daga Tungar Guru bayan abin ya faru. Ya yi watanni yana tsara tambayoyi, amma duk karatun nan nasa bai tsara yadda namiji baligi zai wuce zaure ba.

Sai ga ta ta dawo daga makarantar koyon aikin lafiya, farin hijabi har gwiwa, littattafai a ƙirji. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Bawan Allah, maigidan ya tahi hwadama. Mi kaka biɗa?"

Ya yi bayani yana in'ina, don tun daga kallon farko harshensa ya fara ba shi kunya. Ta karɓi takardar tambayoyin ta karanta a tsaye, ta zaro biro ta soke guda ɗaya ba tare da neman izini ba.

"Wagga ba a yi wa uwa ita," in ji ta. "Ka ce ta hwaɗi sunan yaron da ya rasu. Ɗan hwarinta na. Yana raye ma Inna ba ta taɓa kama sunanai ba, balle yanzu."

Hayatu ya sosa ƙeya. "Wallahi kin yi gaskiya. Ni ma ɗan fari ne. Har yau Innata 'wancan' take ce mini."

"To Malam Rikoda, ka san abin, kuma ka rubuta?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya laƙaba mata Jakadiya, don ita ta amince za ta riƙa shiga da rikodar cikin gidaje tana yi masa tambayoyin.

Mahaifinta, Malam Audu, bai so ba ko kaɗan. Ya bar haƙar zinari tun bayan rasuwar ɗansa, ya koma noman shinkafa, kuma ba abin da ya tsana irin mutum da takarda a hannu.

"Sun zo sun ɗebi jininmu, sun ɗauke mu hoto, sun tahi," ya ce wa 'yarsa. "Wa yad dawo ya hwaɗa muna abin da yar rubuta?"

"Baba, wanga daban na. Ni na tsaya mishi."

Da wannan kalma aka bar rikodar ta shiga. Safara'u ta kunna ta, ta fara da muryarta tana cewa wannan Inna ce, mahaifiyar yayanta Haris. Sannan Inna Dija ta yi magana a hankali. Ta ce ana niƙan dutse a tsakar gida, ƙura har cikin randa, yara suna wasa a ciki ba wanda ya san guba ce. Ta ce babban ya fara zazzaɓi da jijjiga. Daga nan ta yi shiru, shiru mai tsawo, ba abin da rikodar ta ɗauka sai kukan kaji. A ƙarshe ta ce Allah ya ba, Allah ya karɓa, ta tashi ta koma kan tankaɗenta.

Aikin ya ci gaba. Safara'u ta shiga gidaje a Gummi, ta je Bukkuyum wajen dangin Inna ranar da aka ce hanya da sauƙi, har wasu matan Sunke da ke zaune a Anka ta samo masa. Shi yana zaune a waje a kan benci yana jira, idan ta fito sai ya miƙa mata ruwan leda mai sanyi kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Tun ana maganar bincike har aka koma maganar da ba ta cikin takarda.

"Jakadiyata, kin isa gida lafiya? Na saurari hirar yau sau biyu. Karo na biyu ban ji me matar ta ce ba, muryarki kawai nake bi."

"Malam Rikoda, ka ji tsoron Allah ka yi karatunka. In ka faɗi kada ka ce ni ce."

"In na faɗi a jarrabawa akwai gyara. Inda na riga na faɗa ne babu."

"Ka ci abinci dai?"

Duk wanda ya san 'yan matan Gummi ya san wannan tambayar ta ƙarshe ta fi ƙarfin "ina son ka".

Da manyan Hayatu suka zo daga Anka neman izini, Malam Audu ya karɓe su da mutunci, amma ya ce a bari yaro ya ƙare karatu a ga kamun ludayinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ransa ya fi kwanciya da Faruku, ɗan ƙanwarsa, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana zagaye gidan da ledar lemo. Safara'u ba ta taɓa ba shi fuska ba, shi kuma bai taɓa gajiya ba.

To a nan ne manhajar AI ta shigo labarin, kuma a faɗi gaskiya, da farko ta yi wa Hayatu rana. Ita take nemo masa bincike-binciken da aka yi a kan dalma, ta taƙaita masa masu tsawo, ta nuna masa inda lissafinsa ya karkace. A lokacin yana bin duk abin da ta ba shi yana dubawa. Sai aka matso da ranar kare kundi, lokaci ya ƙure, ga hirarraki jibge ba a fassara ba. Ya kwashe su gaba ɗaya ya zuba mata, ya rubuta cewa ta mayar da su Turanci, ta gyara su yadda za su taɓa zuciyar mai karatu.

Ta kuwa gyara. Kafin shayinsa ya huce ta gama abin da zai ci masa makonni. Ya leƙa shafin farko, ya ga Turanci sumul, ya yi hamdala ya rufe kwamfuta. Maganar matan da suka binne 'ya'yansu ce fa, amanar da aka ba shi ta hannun yarinyar da yake cewa yana so, amma bai iya ba ta ko yini ɗaya ya karanta ba!

Ƙaddara ta sa a Gummi ya buga babin da ke ɗauke da hirarrakin, a shagon Faruku, don ya kai wa malamarsa. Faruku kuwa ba ya buga takardar abokin hamayya bai karanta ba. Ya yi wa kansa kwafi ɗaya, bayan la'asar ya nufi gidan kawunsa.

A zaure ya zauna, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, yana karantawa yana fassarawa. "Wai Inna Dija ta ce: ni na kashe Haris. Da hannuna nake niƙa dutsen yana kwance a gefena. Kullum ina kiran sunansa, Haris, Haris, ina neman ya yafe mini."

Malam Audu ya miƙe tsaye. "Ƙarya ta! Ita tan niƙa? Ni nak kawo dutsen ga gida, buhu-buhu, ni nas sa anka kahwa injin! Matar da ta roƙe ni in hidda shi waje ita za a ɗora ma?"

Safara'u tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, tana jin komai. Da ta juya sai ta ga Inna a bayanta, hannu duk gari. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dubi 'yarta ta ce a hankali, "Ni dai ban hwaɗi hakan ga ba. Ke kika kai mishi rikoda. Ashe haka kike ganina tun tuni?"

"Inna, wallahi ba ni ba ce!"

Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ba a ci tuwo a gidan ba, washegari ma da Safara'u ta gaishe ta, da ka kawai ta amsa.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona wa Safara'u rai. Ita ma ta sha gubar tana ƙarama, Inna ce ta yi jinyarta a asibiti, ta goya ta ta dawo da ita da rai. Yanzu matar nan tana zaune tana zaton 'yar da ta rage mata ta je ta gaya wa baƙo cewa ita ta kashe ɗanta. Ta ɗauki hoton shafin da Faruku ya kawo ta tura wa Hayatu ba tare da ko sallama ba.

Amsarsa ta zo da sauri, kuma da ma bai turo ta ba.

"Subhanallahi. Jakadiyata ki yi haƙuri, ba ni na rubuta ba, AI ne ya ƙara. Zan goge yanzu, ba wanda zai gani."

Ta zauna a bakin gado ta rubuta masa amsa.

"Kada ka ƙara ce mini Jakadiya. AI ne ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama? AI na tsaya wa a gaban Baba? Sunan wa ke bangon takardar, naka ko nasa? Inna ta yi shiru don abin ya fi ƙarfin bakinta, kai ka ba inji ya cike mata shirun da ƙarya. Kai ɗan fari ne, Hayatu. Ka taɓa jin Innarka ta kira sunanka? Da ka karanta layi ɗaya da ka san ba uwar da za ta faɗi haka a ƙasar nan. Ba ka karanta ba. Kuma ka ce ba wanda zai gani, to Inna ta riga ta ji, kuma ni take zargi."

Ta kashe wayar ta jefa ƙarƙashin filo.

Hayatu ya karanta saƙon a ɗakinsa a Anka, ya fara jin haushin Faruku da ya tabbata daga shagonsa takardar ta fita, don mai laifi ba ya rasa wanda zai ji haushi. Sai ya jiyo Innarsa a tsakar gida tana ce wa ƙanwarsa, "Kai ma wancan abincinai." Ya ajiye wayar. Ya ɗauko rikodar ya kunna hirar Inna Dija, ya saurara har wurin shirun, bai tsallake ba. Sannan ya ɗauko sauran hirarrakin yana gwada su da Turancin ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya wuce Inna Dija. An sa wa wata mata ta Bukkuyum zagin mijinta a baki. Wata ta Sunke an ce ta fashe da kuka, alhali dariya ta yi tana tuna ƙiriniyar 'yarta. Duk inda mace ta yi kara, manhajar ta ga gurbi ta cike shi da abin da ya fi daɗin karantawa, kamar yadda ya umarce ta.

Da zai iya goge shafi ɗaya ya kare kundinsa ya karɓi digirinsa, malaman da za su zauna a kansa ba wanda ya san Tungar Guru. Ya yi tunanin hakan, ba a ce bai yi ba. Amma ya shirya ya tafi jami'a ya ajiye babin a gaban malamarsa, Dakta Helen, ya gaya mata komai.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Ni ma ina amfani da ita kullum, Hayatu. Amma ban taɓa barin ta ta yi magana a madadin mutum ba. Ka san in ka janye sai baɗi?"

"Na sani, Dakta."

"To janye. Ka koma ka nemi gafarar matan nan kafin ka nemi tawa."

Ya isa Gummi da hantsi. Malam Audu ya fito ya gan shi a durƙushe a zaure, ya ce ya tashi ya bar masa gida. Hayatu bai tashi ba.

"Baba, ban zo kare kaina ba. Laifina ne ni kaɗai. Abu guda nake roƙo, a bar ni in kunna wannan, don Inna ta ji cewa Safara'u ba ta ƙara ko kalma ba."

Bai jira amsa ba ya kunna, ya ƙure sautin. Muryar Safara'u ta fito, sannan ta Inna, sannan shirun nan da kukan kaji. Malam Audu ya juya fuska ga bango. Da hirar ta ƙare Hayatu ya ce, da murya yadda za a ji a ciki, "Iyakar abin da aka kawo mini ke nan. Sauran ni na bari aka ƙirƙira, don na yi ƙiwar karantawa. Na janye kundin. Ba zan sake rubuta kalmar kowace mace ba sai an karanta mata da Hausa ta ce haka ta faɗa."

A cikin gida Inna Dija ta miƙa hannu ta jawo 'yarta jikinta. Safara'u ce ta yi kukan su biyu.

Kada a zaci daga nan aka shirya. Safara'u ta amince ta koma gidajen, amma saboda matan, kuma ta gaya masa hakan a fili. Damina ta sauka ta ɗauke, aka yanke shinkafa a fadama, shi yana fassara da kansa kalma bayan kalma. Manhajar tana nan yana amfani da ita wajen neman littattafai da gyaran Turancinsa, amma bai ƙara barin ta ta taɓa maganar kowa ba. Saƙonninsa sukan zo da tsawo, amsarta kuwa ba ta wuce "To" ko "Na gani".

Matar Bukkuyum ta sa aka cire jimla biyu. Wata ta ce a cire ta gaba ɗaya, aka cire. Ta Sunke ta ce a rubuta cewa 'yarta tana son rake, aka rubuta.

Inna Dija aka bari ƙarshe. Hayatu yana zaure tare da Malam Audu, Inna tana bayan labulen ƙofa, Safara'u ta tsaya a tsakani tana karantawa. Ta karanta maganar ƙura da randa da zazzaɓi. Sai ta zo inda ya rubuta: "A nan ta yi shiru na tsawon lokaci. Ba ta ambaci sunan yaron ba, domin ɗan farinta ne, kuma ni ma ba zan ambata ba."

Sannan muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Haka anka yi."

Malam Audu ya daɗe yana jan carbi. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Tun shekarar da abin ga ya hwaru, kai na na hwarko da yad dawo ya karanta muna. Ka ce ma manyanka su zo."

Da yamma wayar Hayatu ta yi ƙara yana cikin motar Anka.

"Malam Rikoda, ka ci abinci dai?"

Fasinjan da ke kusa da shi sai da ya tambaye shi ko lafiya, don ya ga ƙato yana share ido da hula.

"Jakadiyata, yau ne zan fara jin ɗanɗanonsa."

"Ban gama hucewa ba fa. Sauran fushin a gidanka zan ƙarasa shi."

"Na karɓa hannu biyu. Ki taho da shi duka."

An ɗaura auren a Gummi bayan ya kare kundin. Faruku ne ya buga katin gayyata, yana bugawa yana cewa ba don shi ba da yanzu ƙarya tana ɗakin karatu na jami'a da bango mai kyau. Kishi ne ya sa shi karanta takardar, kowa ya sani, amma a wannan maganar ba wanda ya iya musa masa. Matan Bukkuyum da na Sunke sun cika gidan, har wadda ta ce a cire ta daga binciken ta zo da kwanon fura.

Kafin a tafi da amarya Anka, aka shigo da ango ya durƙusa gaban Inna Dija, karon farko da ya wuce zauren gidan. Safara'u tana gefe a lulluɓe. Inna ta kama hannun 'yarta ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta dubi Hayatu.

"Ga ta nan. Tana da baki, ka sani. Amma wata rana za ta yi shiru, kowace mace tana yi. In ta yi, kada ka cike mata da naka. Ka tambaye ta, in ba ta amsa ba ka jira."

"In sha Allahu, Inna."

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku masu yi muku biyayya, shi raya muku su."

A kan kalmar ƙarshe muryarta ta ɗan karye. Duk ɗakin aka amsa da amin, kuma ba wanda ya ƙara komai a kai.